Tambayi Likita: Kalma ɗaya a takardar hukuma, me za ta ƙara, me za ta rage?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikacin gwamnati ne. An saka ni cikin wani ƙaramin kwamiti da zai duba tsofaffin fom-fom da ƙa'idojin da ma'aikatarmu ke aiki da su wajen rajistar yara masu buƙata ta musamman. A jerin lalurorin da ake zaɓa na ci karo da kalmar "mongol". Na kawo shawarar a cire ta, sai shugaban kwamitin ya ce mu daina wasa da kalmomi, yaran nan magani da makaranta suke buƙata, ba sabon suna ba. Gaskiya maganarsa ta ɗan sanyaya mini jiki. Shin akwai wata hujja da ta wuce cewa kalmar ba ta da daɗin ji? Idan kuma an cire ta, me za a sa a gurbinta?
*Ma'aikaci mai neman hujja*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar shugabanka, don yaron da aka haifa da huji a zuciya ba sabon suna ne zai ɗinke masa shi ba. Amma wa ya ce sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya? Gyaran fom ba ya cin kuɗin tiyata. Kuma kada ka je masa da zancen daɗin ji, zai kayar da kai. Ka ce masa kalmar ƙarya ce, takardar hukuma kuwa ba wurin ajiye ƙarya ba ce.

Kalmar tsohon suna ce na abin da yau ake kira lalurar Down. Ga inda ta samo asali. A 1866 wani likita ɗan Ingila, John Langdon Down, wanda ke shugabantar gidan kula da masu tawayar fahimta na Earlswood a yankin Surrey, ya rubuta wata 'yar maƙala yana rarraba majinyatansa gida-gida. Mutumin yana da ido, wannan ba za a ƙwace masa ba. Ya lura akwai wasu yara da suka fi kama da junansu fiye da yadda suka yi kama da iyayensu: fuska a ɗan shafe, ido mai ɗan karkata sama, harshe mai kauri. Ya kuma rubuta cewa suna da iya kwaikwayo, kuma suna ci gaba idan an ba su horo, abin da mutane da yawa har yau ba su yarda da shi ba. Wajen fassara abin da ya gani ne ya ɓata rawarsa da tsalle. Malaman Turai na zamanin sun kasa 'yan Adam kashi-kashi bisa launi da siffa, sai shi kuma ya ɗauka waɗannan yaran 'ya'yan Turawa ne da suka fito da siffar mutanen Mongoliya. Da haka sunan ya zauna, ya zagi mutum biyu a lokaci guda: ya mayar da yaron baƙo a gidan ubansa, ya kuma mayar da sunan al'umma sukutum sunan tawaya. A 1924 wani likitan Ingila mai suna Crookshank ya ƙara wa wutar fetur, ya fitar da littafi guda yana da'awar wai jinin Mongol ne ya ratsa zuriyar iyayen irin waɗannan yara tun kaka da kakanni.

Duk wannan ya rushe da aka iya leƙa cikin ƙwayar jikin ɗan Adam. A 1956 aka tabbatar cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da kuromosom 46, wato zarurrukan da ke ɗauke da bayanan gado, biyu-biyu har gida 23. A 1959 a birnin Paris, Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin suka nuna cewa waɗannan yaran 47 gare su, kuma ƙarin a gida na 21 yake: uku maimakon biyu. Na fara da sunan matar da gangan, don ita ta yi aikin renon ƙwayoyin a ɗakin gwaji, amma aka yi shekaru sunan Lejeune kaɗai ake kira. Ma'anar binciken a fili take: babu ruwan ƙabila, babu ruwan launin fata. Ana haifar irin waɗannan yara a kowace nahiya, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa 1,000, har a Mongoliya kanta.

A 1961 masana ilimin gado su 19 suka aika wasiƙa ga mujallar likitoci ta Lancet suna roƙon a daina amfani da kalmar. Cikin masu sa hannun har da jikan Langdon Down. Ɗaya daga cikin dalilansu shi ne abokan aikinsu 'yan Sin da Japan suna jin nauyin furta ta. A 1965 wakilan ƙasar Mongoliya suka kai kukansu ga Hukumar Lafiya ta Duniya, hukumar ta cire kalmar daga takardunta. Ka ga kenan fom ɗinku yana riƙe da abin da masu shi suka yar fiye da rabin ƙarni.

Idan shugabanka ya ce ai tarihi ne, ba ya cutar da kowa yau, ka ba shi wannan. Wani uba ya taɓa dawo mini shi kaɗai, ba matar, ba jaririn. Ya zaro katin asibiti daga aljihu, ya warware shi a kan teburina, ya ɗora yatsa a kan kalmar da wani ya rubuta da babban baƙi tun a ɗakin haihuwa. Ya ce, "Likita, na tambaya an ce mini wannan sunan wata ƙabila ce can wajen ƙasar Sin. Ni dai a danginmu babu su." Bai ƙara komai ba, ni ma ban buƙaci ya ƙara ba. Matar tana gidan iyayenta tun ranar da aka fassara masa kalmar. Na juya bayan wata takarda na zana masa layuka biyu-biyu har gida 23, na ƙara layi na uku a gida na 21, na ce masa wannan shi ne duk abin da ya faru, kuma rabin layukan nan nasa ne. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya tambaye ni ko zai iya tafiya da ita. Wanda ya rubuta kalmar a katin ba mugu ba ne. Abin da ya gani a jerin da aka ba shi ya kwafa.

Abin da ya bambanta kalmar hukuma da ta titi kenan. Zagin titi iska ke kwashe shi. Wanda ke cikin fom kuwa kwafarsa ake yi: akawu ya kwafa zuwa rajista, shugaban makaranta ya gani kafin ya ga yaron, alƙali ya karanta a shari'ar gado ko ta riƙon yaro, ɗalibar aikin jinya ta haddace don jarrabawa. Hausawa suka ce suna linzami ne, to a hannun hukuma linzamin na ƙarfe ne. Dokar Ingila ta 1913 kan masu tawayar fahimta ta kasa mutane da kalmomin da yau a bakin titi ma'anarsu wawa da dolo, kuma da zarar an liƙa wa mutum ɗaya, ana iya kulle shi a gidan tsari shekara da shekaru. Sai 1959 aka soke ta. A Amurka, a 1927, Kotun Ƙoli ta amince a yi wa wata budurwa, Carrie Buck, tiyatar hana haihuwa dole, alƙali Holmes yana cewa zuriya uku ta dolaye ta isa haka. Carrie ba ta da lalurar Down, waɗanda suka bi diddigin tarihinta daga baya ma sun nuna ƙwaƙwalwarta ƙalau take. Kalmar da ke cikin fayil ɗinta ce ta yi mata shari'a. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa irin wannan tiyata a ƙasar.

Yanzu yadda ake gyaran, don nan ne kwamitoci suka fi yin tuntuɓe. Misalin da na fi so ku duba shi ne dokar da ake kira Dokar Rosa a Amurka. Rosa Marcellino yarinya ce mai lalurar Down a jihar Maryland. Mahaifiyarta ta ga takardun makaranta sun kira 'yarta da tsohuwar kalmar Turancin nan mai nufin wanda ƙwaƙwalwarsa ta ci baya, kalmar da a gidansu ma an hana yara furtawa. Iyalin suka fara da majalisar jiharsu, wadda ta sauya kalmar a 2009. Yayanta Nick ya faɗa wa 'yan majalisar cewa yadda ka kira mutum haka za ka riƙe shi. Sanata Barbara Mikulski ta ɗauki maganar zuwa majalisar tarayya, Shugaba Obama ya sa hannu ranar 5 ga Oktoba, 2010. Aka cire tsohuwar kalmar daga dokokin ilimi da lafiya da ƙwadago na tarayya, aka sa wadda ke nufin naƙasar fahimta.

Abin da nake so ka kwafa daga dokar ba labarin mai daɗi ba ne, wani ɗan sashe ne a ƙarshenta da ba a cika ambata ba. Sashen ya ce wannan sauyi na kalma ne kawai, ba ya canza wanda ya cancanci tallafi, ba ya rage haƙƙin kowa, ba ya sauya ma'anar da doka ta bayar. Ku rubuta irin wannan jimla a takardarku, baƙi da fari. In ba haka ba, gobe uwa za ta zo da tsohon katin da ke ɗauke da tsohuwar kalma, akawu ya duba sabon jeri bai gan ta ba, ya ce ɗanta ba ya cikin tsari. Kun gyara suna kun kori mai sunan. Ku faɗa ƙarara cewa duk takardar da aka bayar da tsohon suna tana nan da ƙarfinta, kuma mai ita yana iya neman a sake masa sabuwa ba tare da sabon gwaji ba. Lambar lalurar ma za ta taimake ku: a kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, lambarta Q90. Ku sa ta kusa da sunan, ƙididdigarku ba za ta tsinke a tsakiya ba.

Kada kuma ku zaci sa hannu ɗaya ya gama aiki. Ko a Amurka Dokar Rosa ba ta taɓa takardun hukumar da ke biyan tallafin naƙasa ba, sai a 2013 ita ma ta sauya nata. Kotun Ƙolin ƙasar kuwa sai a wata shari'a ta 2014 ta bayyana cewa ta koma sabuwar kalma. Ku bi fom ɗin takarda, da jerin da ke cikin kwamfuta, da littafin horar da sababbin ma'aikata, da hatimin roba idan akwai. Tsofaffin fom ɗin da ke jibge a sito ku janye su, don muddin suna nan sai an yi amfani da su ranar da sababbi suka ƙare.

Abin da za a sa a gurbinta: lalurar Down. Faransawa sun fi son tirisomi 21, wato kuromosom uku a gida na 21, sunan da ke faɗin abin da ya faru kai tsaye, kuma a matsayina na likita ya fi kwanta mini, sai dai iyaye da ƙungiyoyinsu a yawancin duniya da na farkon suka saba, kuma su ya kamata a bi. Ku rubuta "yaro mai lalurar Down", mutum a gaba, lalura a baya. Sannan ku raba gurbin sunan lalura da gurbin abin da yaron ke iyawa. Wani mai lalurar Down yana karatu da rubutu, yana zuwa aiki da kansa, wani kuwa yana buƙatar mai kula da shi kullum. Fom ɗin da ya haɗe su a gurbi ɗaya ya yanke wa yaron hukunci tun bai buɗe baki ba. Kafin ku rufe aikin, ku kira iyaye da manyan masu lalurar su zauna da ku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta ɗora wa gwamnatoci tuntuɓar su a duk abin da ya shafe su, kuma za ka sha mamakin kurakuran da za su gano a shafin farko.

Tambaya: Anti Likita, ina yi miki fatan alheri. 'Yata ta uku tana da wata biyar. Tun a asibiti aka rubuta mata wannan kalma ta "mongol" a kati, duk inda na miƙa shi sai na ga an ɗago an kalle ni. Dangin mijina suna cewa daga wajenmu abin ya fito, wasu kuma suna cewa don na haihu bayan na haura shekara 35 ne. Laifina ne? Idan na sake haihuwa haka za a sake? Kuma ina da ikon cewa a canza mini katin?
*Maman 'yan mata*

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya raya miki ita, Ya sa ki ci moriyarta. Ba laifinki ba ne. Ba abin da kika ci, ba abin da kika ɗauka, ba maganin da kika sha ko kika ƙi sha da ya jawo shi. Abin ya riga ya faru tun kafin ki san kina da ciki.

A kusan kashi 95 cikin 100 na masu wannan lalura, abin da ke faruwa shi ne lokacin da ƙwan mace ko maniyyin namiji ke samuwa, kuromosom biyun da ke gida na 21 ba su rabu ba, suka tafi tare. Da aka haɗu da na ɗaya ɓangaren sai suka zama uku. Wannan tsautsayi ne na rabuwar ƙwaya, ba gado ba ne, ba ya bin dangi. Akwai wani ɗan kaso, uku zuwa huɗu cikin 100, da ƙarin kuromosom ɗin ke manne a jikin wani, kuma a cikin waɗannan ne kaɗai ake samun waɗanda suka gada, daga uwa ko daga uba, wanda ke ɗauke da shi lafiyarsa ƙalau. Sauran ɗaya ko biyu cikin 100 kuma wasu ƙwayoyin jikinsu ne ke da 47, wasu 46. Gwajin jini da ake ƙirga kuromosom shi zai nuna wanne ne na 'yarki, kuma shi zai ba da amsar tambayarki ta biyu. Idan irin na farkon ne, yiwuwar maimaituwa ƙanƙanuwa ce, wajen ɗaya cikin 100, sai dai idan shekarunki sun kai inda nasu lissafin ya fi haka.

Zancen shekaru gaskiya ne, amma an fi faɗinsa da nufin cin fuska. A shekara 20 yiwuwar kusan ɗaya ce cikin 1,500, a 35 kusan ɗaya cikin 350, a 40 kusan ɗaya cikin 100. Ki juya lissafin: a shekara 40 ma, mata 99 cikin 100 ba sa haifar mai lalurar. Kuma da yake mata masu ƙananan shekaru sun fi yawan haihuwa, su ne suka haifi mafi yawan yaran nan. Duk mai son ya ɗora miki laifi da lissafi, to ya kawo lissafin gaba ɗaya.

Katin kuwa, ƙwarai kina da iko. Ki je wurin likitan da ke duba ta, ba wurin mai ba da kati ba, ki ce kina so a rubuta lalurar Down ko tirisomi 21, sunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi. Ba alfarma kike roƙa ba. Galibi jan layi ɗaya ne da sa hannu.

Amma tunda kin zo, kada ki fita da sabon kati kawai. Kusan rabin yaran nan ana haifar su da matsalar zuciya, kuma wata ba ta nuna alama da wuri. Idan ba a yi mata hoton zuciya na eko ba, shi ne farkon abin da za ki nema, a wannan watan, ba baɗi ba, don akwai irin hujin da idan aka makara huhu ke lalacewa har tiyata ta gagara. A duba mata tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don idan ta yi rauni tana ƙara jinkirta girma da fahimta, alhali ƙwayar magani ɗaya a rana ke gyara ta. A gwada jinta da ganinta, a riƙa maimaitawa. Jikinta zai yi laushi fiye da na yayyenta, za ta makara wajen zama da tafiya, masu gashi da motsa jiki za su nuna miki abin da za ki riƙa yi mata a gida. Ki yi ta yi mata magana da waƙa ko da ba ta amsa ba tukuna. A Amurka a 1983 matsakaicin tsawon ran mai lalurar Down shekara 25 ne, yau ya kai wajen 60. Kuromosom ɗin bai canza ba, tiyatar zuciya da maganin cututtuka da daina kulle yara a gidajen tsari ne suka kawo bambancin.

Tambaya: Likita, ni ban ga amfanin wannan canje-canjen ba. Duk sunan da aka kawo, bayan 'yan shekaru yara za su mayar da shi zagi, a sake neman wani. Ba wahalar banza ba ce?
*Malamin makaranta*

Amsa: Malam, abin da ka lura da shi haka yake. Kalmomin da na ce suna cikin dokar Ingila ta 1913 likitoci ma sun yi amfani da su da sunan ilimi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Goddard, ya ƙirƙiro wata sabuwa fil a 1910, yau ita ma zagi ce. Wadda Dokar Rosa ta cire ma an kawo ta ne a matsayin mai ladabi don ta maye gurbin waɗancan. Muddin ana raina mutum, duk sunan da aka ba shi sai raini ya bi shi. Japan ma ta sauya tata kalmar a dokokinta a 1999, ba wanda zai rantse cewa sabuwar za ta dawwama.

Sai dai ban yarda da inda ka kai maganar ba, saboda dalili biyu da ba su yi kama da juna ba. Na farko, "mongol" ba kalma ce mai kyau da ta lalace a bakin yara ba. Tun ranar da aka haife ta kuskure ce, tana faɗin abin da bai faru ba. Ko da ba wanda ya taɓa zagi da ita, cire ta ya wajaba. Na biyu, idan kalma ta riga ta zama abin da yara ke jifan juna da shi a filin wasa, hukumar da ta ci gaba da buga ta a takarda ta shiga layin masu jifan, ko ta nufa ko ba ta nufa ba. Sake buga fom sau ɗaya a shekara 30 ko 40 ba wani nauyi ba ne a kan gwamnati, tana sake su saboda dalilan da ba su kai wannan ba.

Kuma kai ne ma ke da maganin abin da kake kuka da shi. Abin da ke rage saurin lalacewar suna shi ne yaran ajinka su san wani mai lalurar da sunansa na yanka, su zauna benci ɗaya da shi, su san abin da ke ba shi dariya da abin da ke ɓata masa rai. Yaron da ya san Down ta fuskar abokinsa ba ya saurin zagi da ita.

Tambaya: Ranki ya daɗe, ni mai gabatar da shirin lafiya ce a rediyo. Mu da muke aiki da Hausa mun saba cewa "galahanga". Ita ma a daina ne?
*Mai gabatarwa*

Amsa: Malama, ni dai ba na rubuta ta a fayil, ba na kuma faɗa wa uwa ita. Ba ta ɗauke da ƙaryar ƙabila irin ta "mongol", wannan gaskiya ne. Amma ki saurari yadda ake furta ta idan ba a gaban makirfo ba: wanda ya yi shirme ake jefa wa ita. Uwar da ke sauraron shirinki da jaririnta a cinya ta san wannan sarai.

Matsalarta ta biyu ta fi damuna a aikina. Ta zama buhun da ake zuba komai a ciki. Na ji an kira mai lalurar Down da ita, an kira mai otizim da ita, an kira yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni saboda doguwar naƙuda ko shawara mai tsanani da ita. Waɗannan abubuwa uku ne mabambanta. Lalurar Down ana iya gane ta tun ranar haihuwa, gwajin jini ya tabbatar. Otizim ba ya da alama a fuska, yawanci sai a shekara ta biyu ko ta uku ake lura da shi ta yadda yaro ke hulɗa da mutane. Na ukun kuwa sau da yawa ana iya kauce masa idan aka kula da haihuwa da shawarar jarirai da wuri. Idan suna ɗaya kika ba su duka, uwar da ya kamata ta garzaya a duba zuciyar ɗanta za ta zauna tana jiran bayanin da ya dace da wani yaron daban.

Ki ce "lalurar Down", ki bi ta da jimla ɗaya ta bayani duk lokacin da kika ambace ta, har kunnuwa su saba. Ki fi son "lalura" a kan "cuta", don ba a ɗaukarta, ba a kuma warkewa daga gare ta, da ita ake rayuwa. Ki guji "yana fama da" idan yaron da ake magana a kansa lafiyarsa lau yana wasansa. Idan mai kiran waya ya yi amfani da tsohuwar kalma kada ki gwale shi, ki dai maimaita tambayarsa da sabuwar. Ranar 21 ga Maris ce ranar lalurar Down ta duniya, wata na uku, rana ta 21, saboda kuromosom uku a gida na 21. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2011, aka fara kiyaye ta a hukumance a 2012. Idan za ki shirya wani abu a ranar, kada ki tara likitoci zalla. Ki gayyato babba mai lalurar da kansa, ki aika masa tambayoyin tun da wuri ya shirya, ki kuma ba shi lokaci ya gama jimlarsa ba tare da kin ƙarasa masa ba.